Gidan Sarƙa

Keken mahaifina Raleigh ne baƙi, wanda ya saya da kuɗin gyaɗa tun kafin a haife ni. Abin da ya bambanta shi da sauran kekunan ƙauyenmu, a ƙasar Bici, shi ne gidan sarƙa: wani kwanon ƙarfe da ya lulluɓe sarƙar baki ɗaya, tun daga faifan feda har zuwa ƙafar baya. Duk tsawon yarintata ban taɓa ganin sarƙar nan a fili ba. Akwai wata 'yar ƙofa da Baba kan buɗe jefi-jefi, ya ɗiga mai da gashin kaza, ya mayar ya rufe.

Da na sami shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, sai ya bar mini keken. Ban cika mako biyu ba na kwance kwanon, domin yana ƙara a kan gargada, abokai kuma suna tsokanata da mai keken tsofaffi. Na wurga shi bayan rumbu. Baba ya dubi keken ya ce, "Kai yaro, ka tuɓe masa wando ke nan." Bai ƙara ko kalma ba.

Ƙasarmu rairayi ce, hanyoyinmu burtali ne tsakanin gonaki, hunturu kuwa ba ya rabuwa da ƙura. Ni a zatona gata nake yi wa sarƙar da nake lafta mata baƙin mai duk mako. Ashe man nan ne ke kama yashi, su haɗu su zama tamkar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da gaɓoɓinta. Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfen ba ya miƙewa; zaizayewa yake yi daga ciki, kowace gaɓa ta sami 'yar rara, har tsawon ya ƙaru.

Na gane wannan ne ranar da na ɗauko kwandon tumatir na fadamarmu zan kai kasuwar Badume. Na miƙe tsaye a kan feda zan haye wani tudu, sai sarƙar ta tsallake haƙora. Na kife, tumatir ya watse a yashi. Kuɗin takin bana ke nan.

Mai gyaran keke, wani dattijo mai rumfa a bakin titin Katsina, ya ɗora ma'auni a kan sarƙar. Kowace gaɓa rabin inci ce, don haka gaɓa 24 inci 12 ne cif a sabuwa. Tawa ta zarce ƙwarai. Ya nuna mini haƙoran, sun fiƙe kamar ƙaya. "Samari, da sarƙa kaɗai za ka saya," in ji shi, "amma ta riga ta cinye na gaba da na baya."

Masu doguwar tafiya a keke, irin waɗanda ke ratsa ƙasashe, yawancinsu ba su da wannan gata, domin sarƙar keke mai giya da yawa tana kai-kawo tsakanin faifai, ba ta rufuwa ruf. Sai dai tsumma da yawan gogewa. Ni kuwa ina da shi a hannu.

Da yamma na zagaya bayan rumbu. Na tarar Inna ta mayar da rabin kwanon abin ba kaji ruwa, ɗaya rabin kuma tsatsa ta huda shi.