Na Je Agadas Na Tarar Da Gasar Hoto



A watan jiya na je Agadas ganin ƙanena, wanda ke aikin gyaran babur a can. Na shiga mota a Tawa da asuba. Daga Tawa zuwa Agadas kilomita wajen 400 ne, ta Abalak. Hanyar ta lalace a wurare da yawa, ba mu iso ba sai bayan la'asar.

Abin da baƙo ke fara nema da ido a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, kuma da ƙasa aka gina ta, babu siminti. An ce an fara gina masallacin a 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta su ne magina ke takawa in za su yi mata yaɓe. Fadar Sarkin Abzin tana dab da ita. A 2013 UNESCO, hukumar duniya mai kula da ilmi da al'adu, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Ban yi zaton akwai ginin da ya sha hoto a Nijar kamar wannan hasumiya ba. A watan Oktoba na 1850 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Agadas. Shi da hannu ya zana ta. Daga baya masu yawon buɗe ido suka yi ta zuwa, da masu tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Sukan hau soron otel ɗin da ke fuskantar masallaci, su jira faɗuwar rana, su ɗauki hoto, su tafi da abinsu. Bayan tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010, baƙin suka ɗauke ƙafa. Yau masu ɗaukar hoton Agadas yawancinsu ƴaƴan gari ne, kuma da salula suke yi.

Daren Juma'a ƙanena ya ce in raka shi fadarsu. Fada ita ce inda samari ke zama a ƙofar gida suna dafa shayi. Na ɗauka karta zan tarar, ashe gasa suke yi. Kowane mako sukan zaɓi abu guda, a ce ruwa, ko raƙumi, ko kasuwa. Kowa ya je ya ɗauko hoto ɗaya tak. Ran Juma'a a ba da salula hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Wanda ya ci, ba zai sa kuɗin sukari da ganyen shayi ba har mako ya zagayo. Ladan ke nan, ba wani abu. Na ƙirga su goma sha ɗaya. Akwai tela, da ɗan kabu-kabu, da yaron maƙerin azurfa, da wani ɗalibi. Wata yarinya ba ta zuwa fada, wanta ke kawo nata hoton.

A wannan mako kasuwa aka zaɓa. Jama'a, ban taɓa jin ana sukar mutum haka yana dariya ba.

Ɗan kabu-kabu ya kawo hoton raƙuma a kasuwar dabbobi. Aka ce masa da tsakar rana ya ɗauka, shi ya sa sama ta yi fari fat, fuskokin mutane suka yi baƙi ƙirin. Tela ya ce a Agadas lokacin hoto biyu ne, da hantsi ko bayan la'asar. A lokacin ne rana ke kwantawa, katangar ƙasa ta yi ja, inuwa ta yi tsawo. Wani ya kawo hoton mai sayar da albasa, amma rana tana bayan mutumin, ba a ganin idonsa. Aka ce rana ta zauna a bayan mai ɗauka, ba a bayan wanda ake ɗauka ba. Wani kuma hotonsa ya yi dishi-dishi, ya ce hazo ne. Suka karɓi salular suka duba, ashe ƙura ce da maiƙon hannu a kan idon. Aka goge da bakin rawani, aka yi masa dariya.

Ƙanena ya kawo hoton da hasumiya ta fito a bayansa. Nan take suka yi masa caa. Suna da doka cewa hasumiya ba ta cin gasa, domin ko makaho ya ɗaga salula sai ta yi kyau. Ga shi kuma wayar lantarki ta ratsa ta tsakiya. Akwai wata dokar da ba ta wasa ba: ba a ɗaukar soja, ko shingen bincike, ko filin jirgi. Wannan ku ma ku riƙe in kun je birni.

An daɗe ana gardama a kan ƙarin launi. Salula tana da dabarar da za ta sa hoto ya yi ja ko shuɗi fiye da yadda abin yake. Wasu suka ce ado ne. Yaron maƙeri ya ce ƙarya ce, kamar a sayar maka da dalma a ce azurfa. Ni ina bayansa. Ya kawo hujja mai kyau. Ya ce itaciyar nan tilo ta Tenere mota ta kaɗe ta a 1973, yau sai a hoto ake ganin yadda take a tsaye. Tsohon masallacin Damagaram ruwan sama ya rushe shi a watan Satumba na 2024. Nan Agadas ma ambaliyar 2009 ta ci gidaje masu yawa. In hoto ya zama shi kaɗai ne shaida, to kada a ba shaida cin hanci.

Sai aka zo kan hoton ɗalibi, kowa ya yi shiru. Wata tsohuwa ce mai sayar da cuku. Tana zaune a kan tabarma, ta sunkuyar da kai tana ƙirga kuɗi a tafin hannu. Haske ya faɗo a gefen fuskarta, har kana ganin jijiyoyin hannunta. Gaskiya hoton ya fi na kowa. Ɗalibin ya ce zai aika da shi babbar gasa ta intanet, wadda ake kira Wiki Loves Africa. An fara ta a 2014, ana yin ta shekara-shekara, kuma ko wanda bai koyi sana'ar hoto ba yana iya shiga. Ya ce sharaɗinta shi ne hoton da ka bayar kowa a duniya yana da izinin amfani da shi.

Tela ya tambaye shi, “Ta san ka ɗauke ta?”

Ya ce a'a. Ya ce da ya tambaya, da ta miƙe ta ƙame kamar hoton katin ɗan ƙasa, kyan ya tafi. Fada ta rabu biyu. Shayi ya huce ba wanda ya kula. Daga nan ɗaya ya juyo ya ce, “Malam, kai baƙo ne, raba mu.”

Ban san hoto ba, sai na ba su labarin mahaifinmu. Makiyayi ne. Duk watan Satumba yakan kora dabbobi zuwa Ingal, inda makiyaya ke taruwa don ruwan gishiri. Yana da tsawo, yana da farin raƙumi, kuma ya iya naɗi. Ina yaro na ga Turawa sun kewaye shi suna ta ɗauka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani ya ba shi alewa, wani ya ce zai aiko. Har Allah ya yi masa rasuwa ba mu ga ko ɗaya ba. Hotonsa da muke da shi yau guda ne, na katinsa, kuma ya koɗe. Ƴaƴana suna tambayata kamanninsa. Na san yana can a jikin bangon wani mutum a wata ƙasa, wanda bai san ko sunansa ba. Na ce da ɗalibin, “Ƙanena, hotonka ya yi kyau. Amma fuskar ba taka ba ce.”

Aka yanke cewa gobe a je a same ta.

Da hantsi muka je mu huɗu. Tana nan inda take, da cukunta a jere. Ɗalibin ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Inna, na yi miki laifi.” Ya miƙa mata salula. Ta daɗe tana kallo. Ta kira maƙwabciyarta mai sayar da tabarma, ita ma ta duba. Sa'an nan ta ce, “Ɗana, haka na tsufa? Da ka gaya mini ai da na gyara kallabina.”

Ya yi mata bayanin gasar, bai ɓoye komai ba. Ta ce ba ta yarda ba. Tana da surukai, ba ta son a gan ta a duniya tana ƙirga dala-dala. Amma ta ce ya wanko mata shi a takarda, kuma ya dawo ran Litinin ya ɗauke ta tare da jikanta. Wannan na biyun, in ya yi kyau, ya kai inda yake so. Ya je shagon mai hoto ya biya dala ɗari, ya kawo mata kafin azahar. Ta naɗe shi cikin leda ta sa a ƙasan kwando.

Da dare aka gama hukunci. An fitar da hoton tsohuwa daga gasa, ɗalibin bai yi musu ba. Yarinyar nan da ba ta zuwa fada ita ta ci. Hannun mai auna gero ta ɗauka, yana share bakin tiya, ba a ganin fuskar kowa. Wanta ne ya ci ribar, shi aka yafe wa kuɗin sukari. Aka zaɓi rijiya don mako mai zuwa.

Na komo gida ran Lahadi. Ƙanena zai zo da salla, ya yi alkawarin ɗaukar mahaifiyarmu hoto in ta yarda. Na gaya mata. Ta ce to, amma sai ta yi lalle tukuna.