Kafin Ku Sayi Na'urar Daskarar da Nama

Makarfi,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga ƙawata kuma aminiyata,

Ya sanyi? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, ƙafa duk ta faso. Masu rake kuwa sun duƙufa dafa mazarƙwaila, in kika fita bayan gari ƙamshi ne zai fara yi miki sallama. Na san ku ma a Ikara kun shiga hidimar tumatirin rani. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Saƙonki ya iso ni. Kin ce ƙungiyarku ta mata ta tara kuɗi, kuna son ku saya wa asibitin unguwarku abin da zai amfani mata, sai wani dillalin kayan asibiti ya nuna muku hoton na'urar da ke kashe nama mai cuta da tsananin sanyi, wadda ake cire kanta a yar bayan an yi wa mutum ɗaya aiki. Kin ce in faɗa miki gaskiya tunda a aikin ungozoma na tsufa. To gyara zama, don da a waya ne kati zai ƙare ban kai rabi ba.

Da farko dai, dillalin bai yi ƙarya ba, abin yana aiki, kuma ba yau aka fara shi ba. Tun wajen shekarun 1840 wani likita a Ingila mai suna James Arnott yake haɗa ƙanƙara da gishiri yana ɗora wa matan da ke fama da cutar daji ta mama da ta mahaifa, ciwo ya lafa, ƙarin ya ɗan ragu. A 1961 ne wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Irving Cooper, shi da wani injiniya Arnold Lee, suka ƙera tsinken ƙarfe da ruwan nitrojin ke bi ta cikinsa. Sanyin wannan ruwa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Daga nan likitocin ido da na fata da na mata kowa ya ɗauka ya gyara daidai buƙatarsa.

Yadda sanyi ke kashe nama kuwa, ke da kike garin tumatir ba sai na wahala ba. Saka ɗanyen tumatir a firiza ya daskare, ki fito da shi ya narke, ai ba zai koma yadda yake ba, sai ya saki jiki ya zama ruwa-ruwa. Ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa ne ya zama ƙanƙara ya farfasa su. Haka ake yi wa gurin da ya lalace a jikin mutum. In sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili ko ya zarce, ƙwayoyin naman sai su mutu, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su su toshe, daga baya jiki ya zubar da mataccen ya tsiro da sabo. Sanyin kansa daga tukunyar gas yake fitowa. Iskar da aka matse ƙwarai, in ta kuɓuce ta siririyar kafa ta bazu a cikin kan na'urar, nan take ƙarfen yake yin fari fat da ƙanƙara.

Abin da dillalin bai tsaya ya bambance muku ba shi ne na'urorin iri-iri ne. Akwai 'yan ƙanana kamar gwangwanin feshi, masu kan soso da ake yarwa, waɗanda ake cire 'yan tsiron da ke fitowa a fata da su. Waɗannan ba su da hurumi a mahaifa. Akwai kuma manyan, masu dogayen allurai da ake sokawa har cikin ƙoda ko hanta ko huhu ko ƙashi, likita yana kallon hoton cikin jiki a allo, iskar agon ta daskarar, ta hiliyam ta narkar. Allurar sau ɗaya ake amfani da ita, daga waje ake kawo ta, da dala ake sayenta, kuma aiki ne na manyan asibitocin ƙwararru. Sai ta uku, wadda ita ce ta shafe mu: mai kama da ƙaramar bindiga, da ake ɗora kanta a bakin mahaifa, tana aiki da iskar kabon dayoksaid ko nitros oksaid. Ki fara tambayarsa wacce daga ciki yake nufi, kuma ya kawo ta a gani da ido, hoto ba ya isa.

Ta ukun nan ina ganin girmanta, domin na san abin da take hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Mu da ke kusa da Zariya mun san yadda labarin ke tafiya. Mace ta daɗe tana ganin jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, kunya ta hana ta faɗa, a yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, sai abu ya ci ƙarfi a ɗauko mota daga Hunkuyi ko Ikara ko nan Makarfi a nufi asibitin koyarwa na Shika. A lokacin kuwa sai dai tiyata ko gashi ko ƙarin ruwan magani mai tsada, in ma an samu sa'a. Alhali cutar nan ba dare ɗaya take zuwa ba. Ƙwayar HPV ce ke haddasa ta, binciken da ya sa Bajamushe Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ɓata fatar bakin mahaifa a hankali kafin ta rikiɗe ta zama daji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan tsakanin ne na'urar ke da amfani.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaciya za ta duba bakin mahaifa da fitila, ta shafa ruwan khal, ta jira minti ɗaya. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. In farin bai mamaye fiye da kashi uku cikin huɗu na gurin ba, bai shige can ciki ba, kuma ba alamar ya riga ya zama daji, to a wannan zaman ake gamawa. A daskarar minti 3, a bari ya narke minti 5, a sake daskararwa minti 3. Ba yanka, ba ɗinki, ba allurar barci, sai ɗan murɗawar mara kamar na al'ada. Mace ta ɗaura zaninta ta koma gida. Za ta yi ta ganin ruwa yana fita har kusan mako 4, a wannan lokaci kuma ana so ta ƙaurace wa shimfiɗar miji, shi ya sa nake cewa a riƙa yi wa mazan bayani tun farko, kada a haɗa gida faɗa. Bayan shekara ta dawo a sake dubawa. Ki kuma gaya wa matanku ba a taɓa cikin mahaifa, ba kuma dabarar hana haihuwa ba ce, don na san wannan ce tambayar farko da za a yi miki.

Yanzu mu zo kan maganar kan da ake yarwa. Hikimar da ke ciki a fili take. Ƙarfen da ya taɓa jikin wata, in ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba, yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau ya kai wa ta gaba. Kan ƙarfe na dindindin sai an wanke shi da sabulu da ruwa, sannan a saka a tukunyar turara kayan aiki ko a tafasa shi minti 20 cur. A asibitin da ba wuta, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ga layin mata har waje, ma'aikaciya ɗaya tilo, shaiɗan na iya raya mata ta gajarta. Sabon kai a leda yana toshe wannan ƙofa.

Amma fa, ƙawata, ƙofa ɗaya yake rufewa ya buɗe wata. Kowace mace da ta kwanta a gadon nan kuɗin sabon kai ne, kuma daga kamfani guda ake samunsa, na wani ba ya shiga na wani. Ran da kwalin ya ƙare, ko dala ta tashi, ko dillalin ya sauya sana'a, abu biyu ne zai faru. Ko dai a lulluɓe na'urar a ajiye, ko kuma a fara wanke abin da ba a yi shi don wanki ba ana maimaitawa, wanda ya fi na ƙarfen haɗari nesa ba kusa ba. Ga kuma sharar, wadda dole a ƙone ta a inda aka tanada, don kin san yaranmu da tsince-tsince a bola. Na taɓa aiki a wani wuri da aka kawo mana irin wannan na'ura kyauta, aka yi taro aka ɗauki hoto. Da gas ɗin farko ya ƙare ba wanda aka ɗora wa alhakin cikowa, tukunyar ga nauyi, wurin cikowa ga nisa. Har na bar wurin tana cikin sito ƙura na hawanta.

Wannan matsalar gas ɗin ce ta sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar amfani da wata na'urar da ke yin aikin da zafi maimakon sanyi. 'Yar ƙarama ce, tana shiga jaka, da batir take aiki, ana iya cajinta da sola. Kanta yana ɗaukar zafin digiri 100, a ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30, shi ke nan. Ba tukunya, ba zuwa cikowa, kan kuma ana tsabtace shi a sake amfani da shi. Kaduna ma tana cikin jihohi uku, tare da Legas da Ribas, da wata ƙungiya mai suna CHAI ta yi aikin gwajin mata da yi musu magani da irin wannan na'ura a asibitocin gwamnati da tallafin wata hukuma mai suna Unitaid. Ke nan akwai ma'aikata a jihar nan da suka san hannunta. Da ni ce ke riƙe da asusunku, ita zan fara tambaya.

Saboda haka shawarata, kada ku ba da ko kwabo sai kun zauna da shugabar asibitin da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ku ji ko akwai wadda aka horar ta iya gwajin ruwan khal, domin na'ura ba ta gano cuta da kanta, kuma daskarar da gurin da ya riga ya zama daji ɓata lokacin mara lafiya ne kawai. In babu, ku fara kashe kuɗin a kan horo. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a nan Makarfi ta cika yankin nan da 'ya'yanmu masu ƙwazo, hannu kawai suke jira a kama musu. Ku ji kuma ina za a tura wadda abinta ya fi ƙarfin asibitin, wa zai biya mata kuɗin mota zuwa Zariya. Shi kuwa dillali, ya rubuta muku a takarda nawa ne kuɗin kai guda, nawa ne cikon gas, a ina ake samu, wa ke gyara in ta lalace. Ku lissafa abin da za ta ci a shekara, ku ga ko asusunku zai iya ɗauka. Araha ba ta ado, kuma tsadar irin wannan kaya ba a ranar saye take bayyana ba.

Kada kuma ku manta da abin da ba ya cin ko sisi. Tun watan Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin na yau da kullum, ta iso Kaduna a zagaye na biyu a watan Mayun 2024. An fara ne da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a 2020 shi ne nan da 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ku da kuke shiga gidan biki da gidan suna da makarantun Islamiyya, maganarku ta fi ta rediyo shiga kunne. Ke ma kanki, Hajiyata, yaushe rabon da a duba ki? Kada ki tara wa wasu kuɗi ki bar kanki a baya.

In kun sa ranar zama da dillalin ki sanar da ni, in Allah ya yarda zan shigo motar safe in zauna tare da ku. Ki gaishe min da Alhaji da Inna, da duk matan ƙungiya. Allah ya sa abin da kuka tara ya amfani al'umma.

Wassalam.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Makarfi.