Filayen Da Suka Ƙi Sauyawa

Duk ranar Lahadi ana rufe filin ƙwallon lambu mafi shahara a duniya, wato tsohon filin garin St Andrews da ke gaɓar tekun gabashin Sikotland. Attajiri zai taso daga Amurka ko Japan da sandunansa, amma ranar Lahadi sai dai ya jingine su, domin rana ce ta mutanen gari. Su ke fitowa da yaransu da karnukansu su sha iska a kan ciyawar da manyan ƴan wasa ke mafarkin takawa. Sai in babbar gasa ta faɗo ake karya wannan al'ada.

Ni ba ɗan wasan golf ba ne. Na tashi ina kallonsa a matsayin wasan masu hannu da shuni, waɗanda ke katange fili su shayar da ciyawa ruwan da unguwa guda ke nema. Abin da ya ja ni ga tsofaffin filayen Sikotland tambaya ce guda: ta yaya fili zai yi ɗaruruwan shekaru a bakin gari, ba a yanka shi fuloti-fuloti ba, ba a kuma baje shi an sake shata shi ba?

Amsar ta fara ne daga ƙasar kanta. Jigawa ce tsakanin teku da gonaki, yashi ne da ba ya yin hatsi. Tun da manomi ba ya sonta, sai ta zama ta kowa: makiyayi ya koro tumaki, mata su shanya wanki, samari su buga ƙwallo. Iska ce ta tsara tuddai da kwaruruka, tumaki ke aske ciyawa, kuma ana cewa ramukan yashin da ƙwallo ke faɗawa sun samo asali ne daga inda dabbobi ke fakewa daga iska. Ƴar gadar dutsen Swilcan, wadda zakaru ke tsayawa a kanta a ɗauke su hoto, don ƙetarar da dabbobi aka gina ta.

Wasan ya tsufa a ƙasar har ta kai a 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, saboda yana hana maza koyon harbin baka. A 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen St Andrews haƙƙin yin wasa a wannan jigawa. A 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ke bi yau.

Filin ya kusa salwanta. A 1797 bashi ya yi wa hukumar garin katutu, jigawar ta faɗa hannun masu kiwon zomaye. Aka shafe fiye da shekara 20 ana ja-in-ja, a kotu da wajen kotu, har 1821 da wani mai ƙasa, James Cheape, ya saye ta ya bar wa masu wasa. A 1974 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa kwamitin amintattu da ke riƙe da filayen a madadin jama'a. An ɗan taɓa filin, an ja wuraren fara bugu baya saboda ƙwallon zamani na tafiya nesa, amma hanyar da ake bi a fita a dawo ita ce ta kaka da kakanni.

Na Musselburgh, kusa da Edinburgh, ya fi taɓa zuciyata. Akwai shaidar rubutu cewa an yi wasa a can a 1672. Ramuka tara ne kacal tun 1870, a tsakiyar filin sukuwar dawaki. Ya karɓi babbar gasar Birtaniya sau shida tsakanin 1874 da 1889, kuma faɗin ramin da ake amfani da shi ko'ina a yau, santimita 10.8, ana danganta shi da wani ƙarfen haƙa rami da aka yi amfani da shi a can tun 1829. Daga baya ƙungiyoyin masu kuɗi suka ga cunkoso ya yi yawa, suka tattara suka koma wasu wurare. Tafiyarsu ce ta cece shi. Ba wanda ya zo da maƙudan kuɗi ya ce zai gyara, sai ya zauna yadda yake, har mutum kan karɓi hayar sandunan katace irin na da ya yi wasa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, filin da mutum ɗaya ya mallaka sa hannu ɗaya ke sayar da shi. Wanda makiyayi da mai wanki da ɗan wasa duk suke da haƙƙi a kai, kafin a taɓa shi sai an shawo kan gari guda. Amma fa al'ada ita kaɗai ba ta tsare St Andrews ba, sai da aka haɗa da takarda da kotu da doka.

Nan ne hankalina ke komawa gida. Mu ma muna da irin wannan gado: burtali, makiyaya, filin idi, dandalin da yara ke ƙwallo. Da yawansu ba su da takarda sai sanin dattawa, kuma dattijo in ya faɗi, iyaka kan faɗi tare da shi. Wanda duk yake da irin wannan fili a garinsu, ya dace ya tambaya tun yau ko an rubuta shi, kuma a hannun wa takardar take.