Lahadi a Illela, da yara biyu a hannu

Daga tashar Illela da ke cikin birnin Sakkwato zuwa garin Illela kilomita 80 ne da 'yan kai, kuma ran Asabar ba a jiran mota, domin fatake na rige-rigen su kwana can su wayi gari a kasuwar Lahadi. Na biya kujera biyu, ni da 'yata mai shekara shida da ƙanenta da bai cika huɗu ba, duk da ɗan kamasho ya so in ɗora su duka a cinya ya ƙara mutum. Hunturu ya sauka, uwarsu ta shafe su da man kaɗanya har suna ƙyalli, ta cusa musu hular sanyi.

Muka ƙetare gulbin Rima, muka wuce Kware inda masu rake suka yanyame tagar mota. Shingayen jami'ai kuwa ba a rasa su a hanyar da ta nufi iyaka, wani na duba kaya, wani na duba fuska. A Gwadabawa na gaya wa yarinyar cewa a wannan ƙasa Degel take, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Ta yi shiru, can ta tambaye ni ko shi ma Shehun a cinya aka ɗauke shi.

Gidan kawuna muka sauka, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a dillancin dabbobi. Bayan an gaisa an sha fura, na tambaye shi inda ake kai yara a garin nan.

"Ɗana, nan babu lilo, babu gidan zu," in ji shi. "In kana son ɗiyan ga su sha kallo, kai su kara gobe da sahe. Yanzu ko, sake su su tahi waje."

Na sake su. Bayan la'asar ƙofar gidan ta cika da yaran unguwa, 'yan mata na gaɗa a gefe, maza na langa suna tayar da ƙura. Ɗana bai kula da kowa ba sai wani yaro ɗan kimanin shekara tara da ya zauna a gindin katanga da tarin karan dawa da reza. Na tsaya ina kallonsa ni ma. Yana feƙe ɓawon karan siri-siri ya mai da shi ƙusa, farin cikin karan ya yanka shi daidai-daidai ya jera, ya soke. Tayoyi ya fafe su daga sakaina, ya huda tsakiya da tsinke. Abin da ya ƙera tirelar shanu ce, har da shingen gefe da ɗan benen da yaran mota ke zama a kai, irin waɗanda ke fita Illela cike da dabbobi su nufi kudu. Abin da yaro ke gani kullum shi yake ƙerawa. Da ya gama ya zuba 'ya'yan magarya a ciki ya ce shanu ne, za su Legas.

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba muka bi Kawu zuwa kara. Wanda zai shiga wurin nan da ƙananan yara ya sammaka, ya saɓa ƙaramin a wuya, ya riƙe babban gam, don bajimin da ya tsinke igiya ba ya tambayar ɗan wane ne. Mun fara da layin tumaki, balami farare tas masu tsayi, da uda masu rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari, waɗanda 'yata ta rantse fenti aka yi musu. Sai shanu, bokolo masu guntun ƙaho da jajayen da ake korowa daga Azawak. Sai jakuna. Amma duk wannan share fage ne, raƙuma suka zo gani.

A can ƙarshen fili suke, wasu a tsaye an dabaibaye ƙafar gaba, wasu a gurfane suna tuƙa, leɓe na lilo. Wani Buzu da ya rufe baki da amawali yana dafa shayi a ɗan mangal ya ga yadda yaron ya ƙanƙame mini kai. Ya miƙe ya ja akalar wata taguwa, ya yi mata wani sauti a maƙoshi, ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta nannaɗe na baya, ta sauka ƙasa da gurnani. Ya kama hannun yaron ya ɗora a wuyanta. Yaron ya daskare, taguwar ta juyo da dogon gashin idonta ta shinshina hularsa, ya fasa ihu, kafin a ce haka kuma yana dariya yana neman a sake. 'Yar'uwarsa ta ƙi taɓawa, ta tsaya tana sauraron Kawu da wani mai saye suna ja-in-ja, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har aka kai ga sallamawa aka tafa hannu aka ware la'ada.

Cikin kasuwa kuɗi iri biyu ke yawo, naira da sefa, 'yan canji na zaune da damman takardu a gabansu. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, jika sefa dubu. Wani abokin Kawu ya ba yarinyar ƙwandalar dala ashirin. Sai a lokacin na lura ba ta taɓa riƙe kuɗin ƙarfe ba tunda aka haife ta, domin namu sun ɓace daga hannun mutane tun kafin zuwanta duniya. Ta juya shi, ta cije shi, ta ƙulle a bakin ɗankwali. Muka sayi dabino da cuku, busasshen cukun nan na Buzaye da ake ci da shayi, da goruba don su sami abin gwagwiya.

A bakin tasha muka ci karo da mata masu ɗigon rigakafin shan inna, da akwatin sanyi a rataye, suna tare duk mai goyo ko daga wane ɓangare ta fito. An ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, amma wani nau'inta na ci gaba da ɓulla a arewa maso yamma, shi ya sa ba a daina ba. Suka ɗiga wa ɗana, suka shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Da damina kuma akan bi gida-gida wata-wata da maganin kariya daga zazzaɓin sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ganina waɗannan biyu sun fi kowane lilo amfani ga mai ƙananan 'ya'ya a garin iyaka, ko da yake ba za ka iya gaya wa yaro haka ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai duk yinin. Wurin da na kawo nawa yawon buɗe ido, sa'o'insu na can suna aiki. Yarinya sa'ar 'yata ɗauke da tiren gyaɗa, yara maza na jan raguna zuwa mota a ba su ɗan abin da ya samu, almajirai da robobinsu a bakin masu abinci. Mai tirelar karan jiya ma na gan shi yana tallan ruwan leda. Ba su da lokacin tsayawa kallon raƙumi, kuma ba sa bukata.

Da dare Kawu ya ba ni labarin yadda rufe iyaka ke taɓa gidaje. Birnin Ƙonni na nan kusa, kabu-kabu ke kai mutum, kuma da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da dangi a can. Yawon sallah na yaran garin nan, in ji shi, rabinsa Ƙonni ne, gidan gwaggo ko kaka. An rufe iyakar a watan Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Manya kan bi ta ɓarauniyar hanya, amma ba mai ɗora jinjiri a babur ya ratsa daji don zuwa suna.

Ran Litinin da safe muka leƙa Kalmalo, inda tafki da fadama suke. Ruwan tafkin daga kwarin Majiya yake gangarowa ta cikin Nijar, kuma madatsun da aka gina a can don noman rani na Ƙonni na cikin abin da ke rage masa ƙarfi. Majiya na ɗaya daga cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar rabawa a Maiduguri a 1990. Yara dai ba ruwansu da yarjejeniya. Suka bi kan kunyoyin albasa, injin ban ruwa na tatata, balbelu na tashi a gabansu. Wani manomi ya tumɓuke musu karas ya wanke a bakin tiyo, suka ci a tsaye, taɓo har gwiwa.

Bayan azahar Kawu ya kore mu tasha da kansa, don tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Muna shirin fita sai ɗana ya kafe sai an ba shi tirelar kara. Aka kira mai ita. 'Yata ta taya naira hamsin, ya ce albarka. Ta kwance bakin ɗankwali ta miƙa masa ƙwandalarta, ya karɓa nan take, domin a Illela tana sayen abu. Tun kafin mu kai Gwadabawa rigima ta kaure a kujerar baya, shi yana cewa motarsa ce, ita tana cewa da kuɗinta aka saya, direba ya ce in ba su yi shiru ba zai caji tirelar kuɗin kaya.