Robar da Ke Tsakanin Inji da Jikin Mota



Ya ɗan'uwa mai karatu, yau labarin wata tsohuwar mota zan ba ka, da wasu robobi guda uku waɗanda dukkansu za su shige aljihun riga, amma suka hana ni barci na kwanaki.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya sayi motarsa ƙirar Volkswagen Beetle a shekarar 1978, lokacin yana shugabantar wata makarantar firamare a ƙasar Bici. Tana cikin waɗanda ake harhaɗawa a Legas, a masana'antar da kamfanin ya buɗe a 1975. Mutanenmu suna kiranta Bitil, wasu kuma su ce Kunkuru saboda ƙusumbin bayanta. Da ya rasu a 2019 aka zo rabon gado, babu wanda ya nuna sha'awarta. Aka yi mata ƙima, ta faɗo cikin kasona. 'Yan'uwana suka ba ni shawarar in kira 'yan gwangwan su auna ta su ba ni abin da ya samu. Ban yi haka ba, domin ita kaɗai ce motar da Inna take shiga ba tare da ta yi ƙorafin jiri ba.

A kakar 2023, bayan an gama yankan gero ana cirar gyaɗa, aka yi mana rasuwa a wani ƙauye da ke arewacin gari. Na ɗauki Inna da Yayarmu, wadda take zaune da ita a gida, muka tafi gaisuwa. Wanda ya san ƙasarmu ya san cewa da ka sauka daga kwalta sai burtali: gona na jingine da gona, ga yashi, ga kwazazzabon da damina ta bari, ga amalanken shanu da dole ka tsaya ka ba su hanya. Duk lokacin da na tsaya na zo tashi, da na saki kuloci sai motar ta yi karkarwa, sannan a ji wani dum daga baya kamar an buga turmi da ƙasa. Sandar giya tana rawa a hannuna, sau biyu ma giya ta biyu ta fice da kanta. Injin Bitil a baya yake, dab da kujerar da suke zaune. Na duba madubi sai na ga Yaya ta zura hannunta a bayan Inna, tsakanin gadon bayanta da kujera, haka ta riƙe har muka je muka dawo. Da muka iso gida Inna ta ce, "Motar Malam ta fara dukan mutane." Yaya ba ta ce komai ba, ta shiga ɗora tukunya.

Na fara kai ta wurin wani matashin makanike. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya ce in ba ta daina ba to kuloci ne. Ba ta daina ba. Daga nan aka kwatanta mini wani dattijo da ya koyi sana'ar a Kano tun zamanin da Bitil ta cika titi, yanzu kuma injin ban-ruwa da na niƙa ya fi gyarawa. Da ya ga motar sai da ya zagaya ta sau biyu yana shafa ta, ya ce ya san mai ita. Ya sa na ja burkin hannu, na sa giya ta ɗaya, na riƙa sakin kuloci a hankali, shi kuma ya tsuguna a baya yana kallo. Ya kira ni da hannu, ya sa yaronsa ya zauna a mazaunina, ya nuna mini yadda salansa take sunkuyawa ta ɗago duk lokacin da inji ya ɗauki nauyi. Sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi da wani dogon ƙarfe, ya ɗan bankara giyabos, sai ga shi yana motsi kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Ɗan Malam, kulocinka lafiya lau," in ji shi. "Mazauni ne ya mutu."

Na ce, "Baba, wane mazauni?"

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na ƙara bincike a kansa, shi ne wannan. Kowane inji yana girgiza, domin wuta ce take tashi a cikinsa sau dubbai a minti guda, kuma duk sanda ya murɗa taya gaba, shi ma yana neman murɗewa baya. Da za a ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe a jikin mota, da girgizar nan ta bi ko'ina, ta kwance notuna, ta tsattsaga walda, ta gajiyar da na ciki. Saboda haka ake sa roba mai kauri, wadda aka dafa da farar wuta aka manne ta tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ta zama ita ce mahaɗa. Makanikai suna ce mata injin sit. Kamfanin Chrysler na Amurka ya yi suna da wannan dabara tun 1931, a motocinsa na Plymouth. Ita kuwa Bitil tsarinta daban ne: injinta ba ya zaune a kan komai, a rataye yake a bayan giyabos da ɗauri huɗu kacal. Giyabos ɗin ne yake zaune a kan roba uku, ɗaya a hancinsa ta gaba, biyu a baya a kan wani ƙarfe mai kama da sirdi, wanda aka ɗaure a ƙahonni biyu na ƙashin motar. Wato waɗannan ukun su ne suke ɗauke da inji da giya gaba ɗaya. In ta gaba ta saki, hancin giyabos yakan ɗaga ya ja sandar giya, shi ya sa giya take ficewa. In na baya suka saki, sai karkarwa da duka.

Na tambaye shi abin da yake kashe su. Ya ce shekaru, da zafi, da baƙin mai. Roba tana bushewa ta tsage ko ba a taɓa ta ba, balle a ranar ƙasarmu. Mai kuwa kumbura ta yake yi ya mayar da ita kamar danƙo. Ya nuna mini inda mai yake ɗiga daga bayan inji, ya ce wannan yoyon ya fi shekara goma yana jiƙa su.

Yaronsa ya ce ai ba sai an wahala ba, a yanko tsohuwar taya a cusa, ko a yi walda a huta gaba ɗaya. Dattijon ya harare shi. Ya ce taya ba ta manne da ƙarfe, wata biyu za ta zame. Walda kuwa ta fi muni, domin kaskon giyabos ɗin Bitil ba baƙin ƙarfe ba ne, wani ƙarfe ne marar nauyi da ake kira maganiziyam, in aka hana shi inda zai sauke girgiza, shi ne zai tsage. "In ka cire mai haƙuri daga tsakani," in ji shi, "masu ƙarfi biyu ne za su haɗu."

Neman robar ya ci mini tafiya biyu zuwa Kano. In bi ta Dawanau in shiga Ƙofar Ruwa, in yi ta yawo rumfa rumfa da tsohon samfuri a leda. Yaran kasuwa da yawa ba su taɓa ganin irinta ba, kuma ba laifinsu ba ne, tunda Bitil ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Wani ya kawo mini ta Baljiyam, wadda aka ciro daga wata motar. Na tuna gargaɗin dattijon cewa a kayan mota ana sayen gwanjon ƙarfe, amma ba a sayen gwanjon roba, kuma in danna farce a jiki: in ta karɓa ta dawo, da ranta, in ta yi tauri kamar ƙaho, ko sabuwa ce a bar ta. A tafiya ta biyu na dace da saiti cikakke wurin wani tsoho a can ƙuryar kasuwa, na haɗa da robar da take tare mai a bayan inji.

Ranar aikin na zauna tun safe. Notunan robobin baya a cikin kaskon kuloci suke, don haka dole inji ya sauka. Suka ɗaga kujerar baya suka cire batir, suka zare tiyon fetur suka toshe shi, suka kwance wayar totur da wayoyin wuta. Suka tokare inji da jak, dattijon ya kwance ɗauri huɗun nan da sifana mai lamba 17, suka ja shi baya suka sauke a kan katako. Kafin azahar inji yana ƙasa. Suka tallafe giyabos, suka kwance sirdin, suka ja shi baya kaɗan don a kai ga ta gaba. Wajen ɗaurawa na lura bai ƙulle ko ɗaya ba sai da duka ukun suka zauna daidai, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ka ƙulle ɗaya tun da wuri, sauran a karkace za su zauna, kuma wadda aka matsa ita za ta riga mutuwa.

Ya miƙo mini tsofaffin. Ta gaba ta rabu biyu, faranti ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Na baya sun yi baƙi sun narke, har ƙarfe ya fara cin ƙarfe ya yi sheƙi. Shekara 45 suna wannan aiki. Na wanke motar nan ba adadi, na yi mata fenti, na canza mata taya da fitila, amma ban taɓa sanin akwai su ba sai ranar da suka gaza.

Ina juya su a hannuna sai hannun Yaya ya faɗo mini a rai, yadda na gan shi a madubi.

Yaya ta dawo gida ne a 2016, bayan rasuwar mijinta, daidai lokacin da ciwon Baba ya tsananta. Ita ta yi jinyarsa, ita ta ci gaba da ta Inna. Gidanmu gidan 'yan uba ne, ɗaki biyu, kuma rabon gado ya bar tabo. Duk wanda ya fusata a cikinmu, wurinta yake zuwa ya sauke. Sai daga baya na gane cewa saƙon da nake ba ta da zafi, da sanyi yake isa wurin ɗan'uwana, nasa ma haka yake iso mini. Mun ɗauka mu ne muka iya zumunci. Muna aiko da kuɗin cefane da na magani, muna ganin mun sauke nauyi, har mukan yabe ta a gaban baƙi mu ce ai Yaya akwai haƙuri. Yabon nan bai taɓa rage mata aikin kwana ɗaya ba.

Da daddare na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Yaya, yaushe rabonki da ki kwana a gidan 'yarki?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka. In tafi in bar Inna da wa?"

Na nace da tambaya, da ƙyar ta faɗa mini cewa tun bara likita ya ce jininta ya hau, kuma hannun nan na dama ba ya ɗaguwa sosai. Ba ta gaya wa kowa ba, wai kada a ɗaga hankalin Inna. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na tara 'yan'uwana maza na ɗakunan biyu a zauren Baba, na ajiye robobin nan a tsakiyar tabarma, na ba su labari. Wani ya yi dariya, wani ya sunkuyar da kai. Muka yi magana kai tsaye, ba ɗan aike, abin da muka daɗe ba mu yi ba, kuma ba duka maganar ce ta yi daɗi ba. A ƙarshe muka tsara kwanakin da iyalin kowa za su riƙa zama da Inna, muka ɗauki mai taimakon aiki, muka ware wa Yaya kuɗin asibitinta. Ba zan ce tsarin yana tafiya yadda aka so ba. Akwai wanda har yau sai an yi ta tuna masa, ni kaina na saɓa sau biyu. Amma Yaya ta je gidan 'yarta ta yi sati uku, kuma ni na kai ta tasha a cikin Bitil, wadda yanzu take tashi lami lafiya, ba karkarwa ba duka.

Ya ɗan'uwa, ban san gidanku ba, amma zai yi wuya a rasa irin wannan mutum a cikinsa: wata yaya, ko matar wa, ko ƙanin da bai yi nisa da gida ba, wanda kowa yake jingina da shi saboda ba ya ƙara. Ka je ka tambaye shi lafiyarsa, kuma in ya ce lafiya lau kada ka tashi, ka sake tambaya. Robar mota na same ta a Ƙofar Ruwa bayan tafiya biyu. Ban san kasuwar da zan je neman wata Yaya ba.

Tsofaffin robobin suna nan a kan kantar littattafan Baba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa masu ɗauke da mu da alheri, Ya ba mu ikon lura da su tun suna da sauran ƙarfi.