Masu kiwon cuta a Dakar

A unguwarmu Hayin Banki, in jikinka ya yi zafi, sunan ciwon ba ya wuya. Mai kemis zai ce maleriya ce, in ta ƙi sauka bayan kwana uku kuma a ce ai taifod ce. Da wannan ilimin na sauka Dakar, na bi wani abokina ma'aikacin lafiya zuwa Cibiyar Pasteur, can ƙarshen unguwar Plateau inda teku ta kusa zagaye gari.

Cibiyar ta yi suna da allurar rigakafin shawara tun shekarun 1930. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kiwon ƙwayar zazzaɓin denge. Kiwo fa, kamar na kaji.

Baƙo iyakarsa bakin gilashi. Na zaci sauro zan gani yana shawagi a keji, amma ko ɗaya babu. Sai wasu kwalaben roba masu faɗi, kwance, da ɗan ruwa ja-ja a cikinsu. Wai ƙwayoyin halittar jikin sauro ne manne a ƙasan kwalbar, ido ba ya ganinsu. Asalinsu tsutsar sauron Aedes albopictus ce, wadda wani masani mai suna Singh ya raya ƙwayoyinta a Pune ta Indiya a 1967, sannan Akira Igarashi ɗan Japan ya ware irin da ake kira C6/36 a 1978. Jikokin ƙwayoyin nan ne ke yawo ɗakunan bincike na duniya har gobe. Sauron ya daɗe da mutuwa, namansa na nan yana aiki. Ikon Allah!

Ƙwayar denge bairos ce, shi kuwa bairos ba ya haihuwa a fili, sai ya sami gidan haya. In ya yawaita a cikin ƙwayoyin nan, sai a kashe shi a ɗebi sassan jikinsa, abin da suke kira antijin. Da shi ake auna jinin majiyyaci: in garkuwar jikinsa ta taɓa karo da denge, za ta cafke antijin ɗin, gwaji ya nuna. Denge iri huɗu ne, kuma kamu na biyu da wani irin ya fi na farko haɗari.

Kada a ce ciwon nesa ne. An gano shi a Ibadan tun shekarun 1960, ya ɓulla a Sakkwato a Nuwamban 2023, shekarar da ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Sauronsa da rana yake cizo, kuma a ruwan randa, duro da tsohuwar taya yake ƙwai.

Ranar da na dawo, tayoyin da ke jibge gaban mai facin layinmu na fara leƙawa. Cike suke da ruwan sama, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki.

Don Allah, wanda gwajin maleriya ya nuna ba shi da ita, amma zazzaɓi ya ƙi sauka, ga ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, ya ajiye asfirin da ibuprofen, don suna iya jawo zubar jini. Ya je asibiti ya nemi a yi masa gwajin denge.