Birkin da ya tsufa cikin kwalinsa

Honda CG125 ya fara fitowa ne a 1975, kuma don ƙasashe irin namu aka ƙera shi: injin da ke jure ƙura da rashin canza baƙin mai a kan kari. Mahaifinmu ya sayi nasa a ƙarshen shekarun 1970, yana malamin firamare, da shi ya riƙa zirga-zirga tsakanin Sabon Birni da Isa da ƙauyukan bakin gulbi. Bayan rasuwarsa mashin ɗin ya daɗe jingine a zaure, har na ɗaura niyyar tayar da shi. Na kuma yi wa kaina alkawarin da shi ne mafarin kuskurena, cewa ko ƙusa ɗaya ba za ta hau shi ba sai ta asali.

Injin bai ba ni wahala ba. Kamfanonin Sin sun kwaikwayi CG sosai, har fiston da gasket ɗinsu kan zauna masa, duk da haka na yi ta cigiyar na Japan har na samu. Birki ne ya tsaya mini. A wajenmu neman kayan tsohon mashin ba abin wasa ba ne yanzu. A watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura da kayansu a kasuwanni da dama, har da namu, saboda 'yan bindiga. Masu rumfunan da suka san kan tsohon kaya wasu sun canza sana'a, wasu sun bar gari. Maraɗi, wadda ta fi mana Sakkwato kusa, ita ma ta yi nisa da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Sai Kano.

Can a Ƙofar Ruwa wani dattijo ya zaro mini takalman birki daga ƙasan tarkace, na gaba da na baya, cikin kwalin Honda da ya koɗe, ba a taɓa ɗaura su ba. Bai ruɗe ni ba, ya faɗa mini sun fi shekara talatin a ajiye. Wannan maganar ce ma ta ƙara mini sonsu, na biya ba tare da neman ragi ba.

Bakanikenmu dattijo ne, shi ke duba mashin ɗin tun zamanin mahaifina. Ya juya takalmin a hannu, ya sa farce a gefen inda fatar birkin ta manne da ƙarfen alminiyon, ya danna. Wani ɗan gari mai ruwan ƙasa ya zubo. Ya ce, "Malam, wanga abu ya ƙare. Gam na ka riƙe shi, gam ko mutuwa shikai. Sawo sabo, ko ɗan Indiya ne." Na ce, "Baba, na asali ne fa, dubi tambarin." Ya yi shiru. Na matsa masa, ya ɗaura, don yana jin nauyin ɗan amininsa. Na san haka, kuma da wannan nauyin na yi amfani na danne saninsa. Wannan ya fi damuna har yau.

Birkin CG na farko irin na ganga ne. In ka matsa hannu, waya ta ja wani ɗan ƙarfe ya juya, ya buɗe takalma biyu su gogi cikin gangar, zafi ya tashi. Fatar da ke gogar ba ƙusa ke riƙe da ita ba, gam ne, shi kuwa zafin rumfa da damshin damina na cin sa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Ranar da ya saki, fatar kan zame ta cushe tsakanin ganga da ɗaya takalmin, taya ta ƙame nan take. In ta baya ce mutum na iya ja da ƙafa ya tsira. Tawa ta gaba ce.

Muna gangarowa wajen gulbi da ɗan ƙanena a baya, ba gudu nake ba, na taɓa birki saboda rairayi. Na ji ƙas, sai ga mu a ƙasa. Ni gwiwa na kurje. Yaron ya faɗi kan kafaɗa, ƙashin wuyansa ya karye. Magariba ta gabato, kuma kowa ya san ba a kama hanya da dare a yankin nan, dole ya kwana da ciwon yana nishi sai da gari ya waye. Ƙanena bai ce mini uffan ba. Na je har ɗakinsa na gaya masa an gargaɗe ni na ƙi ji, don kada ya ɗora wa bakanike laifin da ba nasa ba.

Da muka kwance tayar, fatar ta rabu da ƙarfen fes, tamkar ɓawon gyaɗa. Na sunkuya zan hure ƙurar, Baba ya riƙe ni. Fatun birki na wancan zamani da asbesto ake haɗa su, ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu ba ta fita, da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa. Sannan ya auna gangar, abin da ban taɓa tunanin yi ba a duk wahalar neman kwali mai tambari. Faɗinta milimita 110 ne tana sabuwa, in ta cinye ta haura 111 ba takalmin da zai kama ta daidai. Tamu ta gaba ta wuce, ta baya da saura.

Yanzu na raba kayan mashin ɗin gida biyu. Tanki da fitila da murfin gefe da agogo, waɗannan ina nan ina bin na asali duk inda na ji labarinsu. Duk abin da ke da gam ko roba ko zaren waya kuwa, wato takalmi, wayar birki, sifirin, taya da tub, sabo nake saye, kuma Baba ne ke zaɓa. Takalman bayan da suka zo cikin wancan kwali mun cire su, na binne su don kada su koma kasuwa. Gangar gaba har yanzu ana cigiyarta a Kano, mashin ɗin kuma ba zai fita zaure ba sai an samu wadda ta ci awo.